Filin Masu Karatu: Waƙoƙin Anime da Masu Rera Su

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan katun ɗin Japan suka zo, wato anime, kuma waƙoƙin ne suka fi ɗaukar hankalin masu tambaya, ba labaran ba. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo. Sunayen mutanen Japan kuwa mun rubuta su yadda masu su ke yi, sunan dangi a gaba, na mutum a baya.

Tambaya: Duk anime ɗin da na kalla, waƙar buɗewarsa minti ɗaya da rabi ce, ba ƙari ba ragi. Amma in na nemo ta daban sai in tarar minti huɗu ce, har da wuraren da ban taɓa ji ba. Yanke ta ake yi?
*Wani ɗalibi, Samaru, Zariya*

Amsa: Kunnenka bai yaudare ka ba, malam. Tashar talabijin a Japan rabin awa take bai wa shiri. In an cire tallace-tallace saura kusan minti 24, a ciki kuma waƙar buɗewa na cin sakan 90, ta rufewa sakan 90. Abin da ake buƙata daga mawaƙi ma sakan 89 ne, domin ana barin rabin sakan na shiru a farko da rabin sakan a ƙarshe don kada sauti ya yi karo da talla.

Sai dai galibi ba doguwar ake yankewa ba. Gajeriyar ake fara yi, a miƙa ta watanni kafin a fara nuna shirin, saboda a kanta ake zana hotunan. Kowane sakan na fim hoto 24 ne, wato sakan 90 hoto 2,160 ke nan. Darakta zai zauna da waƙar ya sa alama: a nan ganga ta buga, a nan sunan shiri zai fito, a nan jarumi zai zare takobi. In mawaƙi ya dawo daga baya ya ƙara ko ya rage rabin sakan, sara ba zai sauka a kan kiɗa ba, sai an sake lissafi daga wurin har ƙarshe. Bayan an kulle gajeriyar ne ake ƙarasa baiti na biyu da sauran, wani lokaci ma a sake ɗaukar murya gaba ɗaya. Shi ya sa ka ji bambanci.

Ginin waƙar ma ƙa'ida gare shi. Shimfiɗa ta sakan goma zuwa sha biyar, sai baiti mai sanyi da suke kira A-mero, sai mai ɗaga murya da suke kira B-mero, sai amshi, sabi a bakinsu, wanda yakan faɗo wajen sakan 50 zuwa 60, daidai inda ake zuba hotunan faɗa da gudu. Wannan matsi ne ya sa waƙoƙin ke da sauri. Waƙa mai bugu 120 a minti, bugu 178 kawai za ta samu a sakan 89. Mai bugu 180 kuwa za ta samu 267, ka ga akwai wurin cusa duk sassan nan huɗu ba tare da an datse amshi ba.

Kamfanin zane ma yana da riba a ciki. Minti uku da aka zana sau ɗaya za a maimaita su a kashi 12, an huta da zanen fiye da rabin awa ke nan. Akwai masu karya dokar: Chainsaw Man na 2022 kashi 12 ne kuma kowane kashi da waƙar rufewarsa daban, One Piece kuma ya jingine waƙar rufewa tun 2006, ya tsawaita ta buɗewa, sai 2023 ya dawo da ita.

Tambaya: Wa ke zaɓar mawaƙin? Na karanta fassarar wasu waƙoƙin, sai na ga soyayya ake ta yi alhali shirin na yaƙi ne.
*Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano*

Amsa: Wanda ya zuba kuɗi shi ke da baki. Anime ba kamfani ɗaya ke ɗaukar nauyinsa ba. Kwamiti ake kafawa, seisaku iinkai, wanda ya haɗa mawallafin littafin zanen da aka ɗauko labarin, da tashar talabijin, da masu kayan wasan yara, da kamfanin waƙa. Kamfanin waƙar yana saka hannun jari ne don a ba shi gurbin sakan 89 ɗin nan ya sa mawaƙinsa. Misali a fili: Aniplex, da ke cikin masu shirya Demon Slayer, reshen Sony Music na Japan ne, kuma LiSA da Aimer da suka rera waƙoƙin shirin duk a ƙarƙashin Sony suke.

Da can ba haka abin yake ba. Astro Boy na Tezuka Osamu, da aka fara nunawa a Fuji TV ranar 1 ga Janairu 1963, ƙungiyar yara ce ta rera takensa, marubucin waƙoƙi Tanikawa Shuntaro ya rubuta baitocin. A shekarun 1970 aka samu mawaƙan da wannan ce sana'arsu kacokan: Mizuki Ichiro na Mazinger Z a 1972, Sasaki Isao na Space Battleship Yamato a 1974, Horie Mitsuko ta Candy Candy a 1976. Waƙarsu kirari ce tsagwaronta, a kira sunan jarumi, a kira sunan makaminsa. Mizuki ya rera sama da waƙa 1,200 kafin rasuwarsa a Disamba 2022.

Abin ya juya ne a 1983 lokacin da waƙar Cat's Eye ta Anri ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon, inda ake auna cinikin waƙa a Japan. Kamfanoni suka gane akwai kasuwa. A 1987 City Hunter ya zo da dabarar da har yau ake kwaikwayo, a fara sako kiɗan "Get Wild" na TM Network tun ana cikin fage na ƙarshe, kafin sunaye su fito. Zuwa shekarun 1990 sai cinikin ya rinjayi labarin. "Sobakasu" ta Judy and Mary, wadda ta buɗe Rurouni Kenshin a 1996, waƙar budurwa ce mai tuna tsohuwar soyayya, shirin kuwa na wani tsohon makashi ne mai takobi. Ta sayar sama da miliyan, amma babu abin da ya haɗa ta da labarin. Irin waɗannan ka ci karo da su.

Yanzu an dawo tsakiya. Mawaƙin fitacce ne, amma ana ba shi littafin ya karanta kafin ya rubuta. YOASOBI, wato Ayase mai haɗa kiɗa da ikura mai rerawa, ƙa'idarsu ce daga gajeren labari suke gina kowace waƙa. Don haka da za su yi "Idol" ta Oshi no Ko a 2023, marubucin labarin Akasaka Aka ya rubuta musu wani gajeren labari na musamman. Waƙar ta yi mako 21 a jere a saman jadawalin Billboard na Japan, kuma ita ce waƙar Japananci ta farko da ta hau saman jadawalin Billboard na duniya ban da Amurka. A ganinmu wannan tsarin ya fi na shekarun 1990 nesa ba kusa ba, ko da yake ya rage wa mawaƙan anime na asali kasuwa, domin manyan gurabe yanzu taurari irin su Yonezu Kenshi da King Gnu da Creepy Nuts ke kwashewa.

Wani abin lura: rashin sanin labari ba kullum yake ɓata waƙa ba. Oikawa Neko, wadda ta rubuta baitocin taken Evangelion na 1995 da Takahashi Yoko ta rera, ta sha faɗa cewa ba ta kalli shirin ba ta rubuta. Duk da haka a 2011 waƙar ce ta zo ta ɗaya a kyautar ƙungiyar kula da haƙƙin waƙa ta Japan, JASRAC, wadda ake bai wa waƙar da ta fi tara kuɗin haƙƙin mallaka.

Tambaya: Ni da ƙawata muna gardama. LiSA ta Demon Slayer ita ce Lisa ta Blackpink?
*Wata ɗaliba, Gombe*

Amsa: Ba ita ba ce, ƙanwata. Ta Blackpink 'yar Thailand ce da ke waƙa a Koriya ta Kudu. LiSA kuwa Oribe Risa ce, haifaffiyar lardin Gifu a Japan a 1987. Ta fito ne a 2010 tana rera waƙoƙin wata yarinyar cikin labarin Angel Beats!, ta yi waƙar Fate/Zero a 2011, ta Sword Art Online a 2012, sai "Gurenge" ta Demon Slayer a 2019. "Homura", ta fim ɗin Demon Slayer mai suna Mugen Train, wadda Kajiura Yuki ta haɗa wa kiɗa, ita ta ci babbar kyautar Japan Record Award ta 2020. In za ki neme ta, rubuta sunan da ƙaramin "i" a tsakiyar manyan haruffa, ki haɗa da sunan waƙar.

Tambaya: A One Piece Film Red, muryar Uta tana canzawa in ta fara waƙa. Mutum biyu ne? Kuma masu ɗora murya su ne ke rera waƙoƙin?
*Wani malamin firamare, Birnin Kebbi*

Amsa: Mutum biyu ne, Malam. Nazuka Kaori ce ke maganar Uta, Ado ke waƙarta. Wanda ya saba da finafinan Kannywood, inda mawaƙi ke rerawa a sutudiyo jarumi kuma ya hau waƙar, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ado, wadda aka haifa a 2002, ta yi suna da ɓoye fuskarta, ko a dandali inuwarta kawai ake gani. Waƙoƙin fim ɗin na 2022 mutane daban-daban suka rubuta mata, ta farkon Nakata Yasutaka ne. Haka aka yi a Macross Frontier na 2008: Endo Aya ke maganar Sheryl, May'n ke waƙarta. Dalili kuwa, waƙar da aka rubuta wa tauraruwar dandali tana buƙatar numfashi da faɗin murya da ba kowane mai ɗora murya ke da su ba. Haɗarin shi ne a ji tsalle tsakanin muryoyin biyu, don haka akan zaɓi masu kaurin murya kusa da juna, a kuma sa kowace ta saurari ɗayar.

Amma akwai masu haɗa sana'o'in biyu, kuma a Japan mai ɗora murya, seiyu, tauraro ne mai zaman kansa. Matsumoto Rica ita ce muryar Satoshi a Pokémon, wanda ake kira Ash a fassarar Turanci, kuma ita ta rera taken farko na 1997. Mizuki Nana, muryar Hinata a Naruto, a 2009 ta zama seiyu ta farko da kundin waƙoƙinta ya hau saman jadawalin mako na Oricon, a shekarar ta fito a Kohaku, gagarumin shirin waƙa da tashar NHK ke yi daren 31 ga Disamba, a 2011 kuma ta yi wasa a Tokyo Dome.

Hanyar raba gardama ita ce karanta sunayen da ke fitowa a kan allo yayin waƙar. Alamomi huɗu kawai za ka haddace: 作詞 mai rubuta baitoci, 作曲 mai ƙirƙirar karin waƙa, 編曲 mai tsara kayan kiɗa, 歌 mai rerawa. Dakatar da bidiyon, ka ɗauki hoton allon, ka bai wa Google Lens ya karanto maka.

Tambaya: Mun tashi da Spacetoon. Waƙar Al-Ƙannas da ta Captain Majid har yau a bakinmu suke. Da na nemo na Japan sai na ji ko kama ba su yi. Wacce ce ta gaskiya?
*Wani ɗan'uwa, Anjamena, Chadi*

Amsa: Duka biyun na gaskiya ne, ɗan'uwa, kasuwa ce ta raba su. Mai sayen shiri daga Japan izinin hoto daban yake biya, izinin waƙa daban, domin waƙar ta kamfanin waƙa ce. Sau da yawa yin sabuwa ya fi araha, ga shi kuɗin haƙƙinta zai zauna a gida, ga shi yara za su iya rerawa da harshensu. Spacetoon, tashar katun ta Larabci, ta fara a 2000, kuma yawancin fassararta daga cibiyar Az-Zuhra ta birnin Dimashƙa take. Tariƙ Al-Arabi Turgan ya rubuta kuma ya haɗa kiɗan waƙoƙi da dama, Rasha Rizƙ ta rera da yawa, ciki har da ta Al-Ƙannas, wato Hunter x Hunter. Captain Majid kuwa shi ne Captain Tsubasa. Kafin su, Sami Clark ɗan Lebanon ne ya rera Grendizer da Larabci.

Masu karatunmu na Nijar da Kamaru da suka kalla da Faransanci, labarin ɗaya ne: Grendizer ɗin nan shi ne Goldorak da ya isa Faransa a 1978, Saint Seiya kuma ya zama Les Chevaliers du Zodiaque da muryar Bernard Minet. Waɗanda suka kalli Voltron a Najeriya ma, shirin Japan ne na 1981 mai suna GoLion aka yi wa kwaskwarima a Amurka a 1984, aka cire takensa na asali, wanda Mizuki Ichiro ya rera.

Matsalar izini ba ta ƙare ba. Da Netflix ta sa Evangelion a 2019, masu kallo a wajen Japan ba su ji waƙar rufewarsa ta asali, "Fly Me to the Moon", a ƙarshen kowane kashi ba, an maye gurbinta da kiɗan fiyano. In za ka nemi ta asali, fara gano sunan shirin na Japan, ka haɗa da OP in ta buɗewa ce, ED in ta rufewa ce, da lamba. Naruto Shippuden OP 3 zai kai ka ga "Blue Bird" ta Ikimonogakari, OP 16 kuma ga "Silhouette" ta KANA-BOON.

Tambaya: Ina waƙa, kuma ina son in rera waƙoƙin anime in sa a YouTube. Ban iya Japananci ba. Na gwada ɗaya, aka toshe bidiyon, waɗanda suka ji kuma suka ce murya ta tana bayan kiɗa. Ina mafita?
*Wata mawaƙiya, Tudun Wada, Jos*

Amsa: Matsala uku ce kika kawo, Malama, kowace da maganinta.

Ta fuskar furuci, Bahaushe ya fi Bature sa'a. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, akwai gajere akwai dogo, akwai kuma baƙi mai ruɓi kamar na "hannu" da "babba". Nemi baitocin da aka rubuta da haruffan boko, romaji, ki sake rubuta su da hannunki bisa ƙa'idar Hausa. Inda suka sa "chi" ki sa "ci". "Fu" ɗinsu da leɓɓa ake hura ta, kamar dai tamu. "R" ɗinsu bugu ɗaya ce ta harshe, kusa da ta "ruwa", kada ki kaɗa ta. Inda Bahaushe ke faɗawa rami shi ne "tsu": namu "ts" na "tsuntsu" da maƙogwaro a rufe yake fita, nasu kuwa "t" ce da "s" a haɗe, iska na bi a sake. "U" kuma kada ki turo leɓe sosai. Sannan akwai ƙananan kalmomi uku da rubutunsu ya saɓa wa furucinsu: in kin ga "ha" tsaye ita kaɗai bayan suna, "wa" ce, "he" ita kaɗai "e" ce, "wo" kuma "o" ce, ko da yake mawaƙa da yawa na furta ta "wo". Wasu masu rubuta romaji sun gyara waɗannan, wasu ba su gyara ba, don haka kunne shi ne alƙali.

Babban sirrin shi ne ƙidayar gaɓa. A waƙar Japan "n" ta ƙarshen gaɓa bugu ce mai zaman kanta, dogon wasali bugu biyu ne, ruɓin baƙi ma yana cin bugunsa. Sunan birnin Tokyo a kunnenmu gaɓa biyu ne, a wurinsu bugu huɗu ne. In kin haɗiye waɗannan za ki riga kiɗa isa ƙarshen layi, ki rasa dalili. Rage saurin bidiyon zuwa 0.75, ki bi layi-layi, ki ja ƙaramin layi a ƙarƙashin kowane bugu, ki sa alama inda mawaƙiyar ke jan numfashi. Fara da sigar sakan 89, kada ki tari ta minti huɗu.

Jinkirin murya kuwa, muna kyautata zaton abin kunne marar waya kika yi amfani da shi. Bluetooth yakan jinkirta sauti da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, a waƙa mai bugu 180 kuwa hakan ya haura rabin bugu. Sa mai waya. In kin riga kin ɗauka, buɗe a manhajar gyaran sauti ta BandLab ko Audacity, ki ja layin muryar baya har baƙin farko ya hau kan bugunsa. Tazarar baki da makirfo kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20. Saita ƙarfin ɗauka da amshi, ba da baitin farko ba, domin a amshi ake ihu, nan sauti ke fashewa. Bari allurar ma'aunin ƙarfin sauti ta tsaya wajen -6. Kashe fanka, ki rataya bargo a bayanki. Waƙoƙin LiSA da Ado sama suke sosai, saboda haka in amshi ya fi ƙarfinki sauke kiɗan da rabin mataki, wato semitone, sau biyu ko uku. In kin wuce huɗu da manhaja, ganguna da gita za su fara sauti kamar a cikin ruwa. Gara a sake kaɗa shi.

Sai toshewa. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Na farko na baitoci da kari, wanda a Japan ƙungiyoyin JASRAC, da aka kafa a 1939, da NexTone ke kula da shi, kuma suna da yarjejeniya da YouTube da ta ba da damar mutum ya rera waƙoƙin da ke hannunsu. Na biyu na ainihin sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wannan na kamfanin waƙa ne, kuma yarjejeniyar ba ta shafe shi ba. Kiɗa zalla da ake sakawa a faifan mawaƙi, ko wanda aka cire wa murya da manhaja, duk sautin kamfani ne, na'urar Content ID ta YouTube, mai gano sautin da ke da mai shi, kuma za ta gane shi. Hotunan shirin ma haka, na kwamitin ne. Mafita: a kaɗa miki sabon kiɗa da fiyano ko gita, ko ki ɗauki na wanda ya kaɗa da kansa ya kuma rubuta a fili cewa ya yarda a yi amfani da shi, ki ambace shi. Mai fiyanon zai ji daɗin sanin cewa amshin waƙoƙin Japan da yawa a kan jeri ɗaya yake tafiya, F, G, Em, Am in a mabuɗin C ne.

Ki bambance abu biyu. Da'awar Content ID yawanci kuɗin talla take karkatarwa ga masu waƙar ko ta toshe bidiyon, ba ta taɓa tashar. Gargaɗin keta haƙƙi kuwa, uku a cikin kwana 90 na iya rufe tashar ɗungurungum. Kada ki ƙalubalanci da'awa in kin san kiɗan ba naki ba ne, domin ta nan da'awa ke rikiɗewa ta zama gargaɗi. In kuma tunanin mayar da baitocin Hausa kike, ki sani sauya baiti ko fassara shi ba ya cikin abin da JASRAC ke ba da izini, sai an nemi mawallafin waƙar kai tsaye.

Tambaya: Yarana, mai shekara tara da mai sha ɗaya, kullum suna rera waƙoƙin nan suna rawar Bling-Bang-Bang-Born. Waƙoƙin da daɗi, zanen kuma kamar na yara. In bar su su kalla?
*Wata uwa, Unguwar Rimi, Kaduna*

Amsa: Hajiya, waƙa ba ma'auni ba ce. An yi ta ne don ta ja kunne ta yaɗu, kuma yawancin anime na yanzu da tsakar dare ake nuna su a Japan, ga matasa da manya. Waccan da kika ambata ta Creepy Nuts ce, ta shirin Mashle a 2024, labarin barkwanci da dambe a makarantar masu sihiri, sai ki duba ko wannan jigon ya kwanta miki. Amma "Idol", duk da zaƙinta, shirinta, Oshi no Ko, da cikin wata yarinya mawaƙiya da kisan kai ya fara. "Kick Back" ta Yonezu Kenshi ta Chainsaw Man ce, jini da yankan gaɓoɓi da maganganun batsa. Attack on Titan da Tokyo Ghoul cin naman mutane ake nunawa ƙarara. Demon Slayer ma, da yara ke so, fille kai ne hanyar kashe aljanun cikinsa, fim ɗinsa na 2020 a Japan an ce 'yan ƙasa da 12 sai da jagorancin iyaye, a Amurka kuwa an sa shi a rukunin manya.

Ga yadda za ki tantance. Tambaye su sunan shirin, ba na waƙar ba. Rubuta sunan a intanet ki ga rukunin mujallar da labarin ya fito: kodomo na ƙananan yara, shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen da josei na manya. Oshi no Ko seinen ne. Shonen ma ba tabbas ba ne, domin Chainsaw Man a nan yake. Duba lambar shekaru da Netflix ko Crunchyroll suka sa, sannan ki kalli kashi na ɗaya da wani daga tsakiya, ke kaɗai, galibi minti 24 ne kowanne. Ki kalli waƙar rufewa ma, domin wani lokaci a nan ake sa hotunan da ba su dace ba. Doraemon da Pokémon da Captain Tsubasa sun dace da shekarunsu. In waƙar kawai suke so, sauke musu sautin ba tare da bidiyo ba daga tashar mawaƙin ta ainihi: waƙar minti huɗu a matsakaicin inganci ba ta wuce megabait huɗu.